Shekarar Da Sarkin Hira Ya Sauka, Sanyi Ya Komo Da Bazara

A cikin watan Mayu na 1992 abubuwa biyu suka auku a ƙasar Amurka cikin kwana uku, waɗanda dattawan ƙasar ba su manta da su ba har wa yau. Na farko shi ne, wani mutum mai suna Johnny Carson, wanda ya shekara talatin yana taya mutane hira da dare a talabijin, ya yi sallama da su ya tafi gida. Na biyu kuwa, sanyi ya komo a lokacin da ba a san shi da zuwa ba, har raɓa ta daskare a kan masarar da ta riga ta tsiro. Wanda ya bi labarin abubuwan nan biyu zai ga yadda a ke ajiye girma tun yana da daraja, zai kuma ga yadda masu ilmi su ke bin sawun abu har su kai ga asalinsa.

Hirar dare a Amurka

Tun fil azal ɗan Adam yana son hira bayan cin abincin dare. A da mutane su kan taru a dandali ko a zaure, a yi labari, a yi barkwanci, sai barci ya fara ɗaukar yara kāna a watse. Da talabijin ta yawaita a gidajen Amurkawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai hirar ta koma cikin akwati. A 1954 kamfanin watsa labarai na NBC ya buɗe wani shiri a birnin Niyok wanda daga baya aka san shi da suna The Tonight Show, watau shirin daren yau. Wanda ya fara riƙe shi sunansa Steve Allen. A 1957 Jack Paar ya karɓa, ya yi shekara biyar ya bari.

Tsarin shirin ba shi da wuya. Idan an gama karanta labarun dare, an faɗi yadda gari zai kasance gobe, sai makaɗa su buga take, a ɗaga labule, mai shirin ya fito ya tsaya gaban jama'a. Da fari ya kan ɗauki abubuwan da suka faru a ranar ya mai da su abin dariya. Sa'an nan ya koma bayan tebur ya zauna, baƙi su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna zama a gefensa. Wani mawaƙi ne, wani marubuci, wani ɗan siyasa, wani kuwa talaka ne kurum wanda ya yi wani abin mamaki a ƙauyensu.

Asalin Carson

An haifi Johnny Carson ran 23 ga Oktoba, 1925, a wani ƙaramin gari mai suna Corning cikin jihar Ayowa. Yana yaro iyayensa suka ƙaura zuwa Norfolk cikin jihar Nebraska. Jihohin nan biyu a tsakiyar Amurka su ke, ƙasar noman masara da kiwon shanu, inda mutane ba su da yawan surutu, ba su kuma son mai fankama. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya sami wani littafi na koyon dabo, ya duƙufa a kansa, har ya zamana tun yana shekara goma sha huɗu a kan biya shi ya yi wasan rufa ido a wurin taro. Daga nan ya koyi abin da ya amfane shi duk rayuwarsa, watau sanin lokacin da za a yi magana da lokacin da za a yi shiru.

Ya yi aikin sojan ruwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya komo ya yi karatu a Jami'ar Nebraska, ya kama aikin rediyo da talabijin a birnin Omaha, sa'an nan ya tafi Kalifoniya neman sa'a. A 1957 aka ba shi wani shirin kacici-kacici na rana a Niyok, a nan ya haɗu da Ed McMahon, wanda ya zama sanƙiransa har ƙarshen aikinsu. Ran 1 ga Oktoba, 1962, ranar da Nijeriya ta cika shekara biyu da samun mulkin kai, Carson ya hau kujerar shirin daren yau, yana da shekara 36.

Shekara talatin a kujera ɗaya

A farko shirin ya kan ci sa'a ɗaya da minti 45 kowane dare, daga Litinin zuwa Jumma'a. Daga baya aka rage shi zuwa sa'a ɗaya da rabi, a 1980 kuma aka mai da shi sa'a ɗaya. A 1972 aka ɗauke shi daga Niyok zuwa garin Burbank a Kalifoniya, kusa da inda 'yan wasan sinima su ke zaune. A gabashin ƙasar a kan fara shi wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare, amma a jihohin tsakiya, da ya ke agogonsu yana bayan na gabas da sa'a guda, tun ƙarfe goma da rabi a ke farawa. Saboda haka manomi ya kan ji labarin yanayin gobe, ya ɗan yi dariya tare da Carson, kāna ya kashe fitila.

Shugabannin ƙasa bakwai suka yi mulki a zamaninsa, daga Kennedy har zuwa George Bush babba, ba kuwa wanda ya tsira daga bakinsa. Matsayinsa ya yi kama da na wawan sarki a fada, wanda ya ke faɗin abin da fadawa ba su iya faɗi ba, a yi dariya a wuce. Amma ya kiyaye abu guda: bai cika bayyana jam'iyyar da ya ke so ba, don kada rabin jama'a su rufe masa ƙofa. Matasan masu barkwanci kuwa, babban burinsu shi ne a kira su shirinsa. Idan yaro ya gama wasansa Carson ya yafuto shi ya zo ya zauna kusa da tebur, to, shi ke nan, kashegari sunansa ya cika ƙasa.

Abubuwa biyu da suka faru a 1973 sun isa su nuna irin ƙarfin da maganarsa ta ke da shi. Akwai wani mutum mai suna Uri Geller, wanda ya ke cewa yana lanƙwasa cokali da ƙarfin zuciya kawai. Aka gayyace shi shirin. Carson da ya ke tsohon ɗan dabo ne, sai ya nemi shawarar wani gwanin rufa ido mai suna James Randi, wanda ya ce a tanadi cokula da sauran kaya na gidan talabijin, kada a bar baƙon ko mutanensa su taɓa su kafin a fara. Da aka ajiye kayan a gabansa, Geller ya yi ta kame-kame har lokaci ya ƙare, bai nuna kome ba, ya ce ba ya jin ƙarfi a daren.

Na biyun kuwa Carson ne da kansa ya yi tuntuɓe. A watan Disamba na shekarar, sa'ad da a ke fama da ƙarancin man fetur, wani wakilin majalisa daga jihar Wisconsin ya yi gargaɗi cewa mai yiwuwa takardar bayan gida ta yi wuya. Carson ya ɗauki maganar ya yi wasa da ita, ya ce ai takardar ta riga ta yanke. Gari na wayewa mutane suka yi wa kantuna tsinke, kowa na saye yana ɓoyewa, har ƙarancin da babu shi ya tabbata. Sai da aka yi makonni kafin kasuwa ta daidaita, shi kuma ya fito ya ba da haƙuri. Magana zarar bunu ce, balle wadda mutum miliyan da yawa suka ji a dare ɗaya.

Sallama

A watan Mayu na 1991, a wani taron kamfanin NBC a Niyok, Carson ya miƙe ya ce shekara mai zuwa ita ce ta ƙarshe gare shi. Ba korarsa aka yi ba, har lokacin ba wanda ya kai shi yawan masu kallo a wannan sa'a ta dare. Sai dai ya lura matasa sun fara karkata ga sababbin masu hira, ya kuma san sabo turken wawa ne. Ya zaɓi ya sauka da ƙafarsa tun mutane suna cewa ya ƙara zama.

Wata guda bayan wannan sanarwa, ran 21 ga Yuni, ɗansa na biyu, mai sana'ar ɗaukar hoto, ya rasu a hatsarin mota a Kalifoniya. Carson mutum ne mai zurfin ciki, ba ya kawo zancen gidansa gaban jama'a. Amma da ya komo aiki sai ya ware ƙarshen shirin wani dare ya nuna hotunan da yaron ya ɗauka, muryarsa na rawa.

Daren Alhamis, 21 ga Mayu, 1992, shi ne daren baƙi na ƙarshe. Mai barkwanci Robin Williams ya zo, mawaƙiya Bette Midler kuma ta yi masa waƙar bankwana har idonsa ya cika da hawaye. Kashegari, Jumma'a 22 ga wata, bai gayyaci baƙo ko ɗaya ba. Iyalinsa da na ma'aikatansa da abokan arziki su ne suka cika ɗakin. Aka nuna guntayen shirye-shiryen da suka wuce. Daga ƙarshe ya zauna shi kaɗai a kan wata doguwar kujera marar majingina a gaban labule, ya ce shi yana cikin masu sa'a, domin ya sami aikin da ya ke so tun yana yaro, ya kuma ji daɗin kowane minti nasa. Ya gode wa Ed McMahon da shugaban makaɗansa Doc Severinsen, ya yi wa jama'a sai da safe. Hoton ƙarshe da ya bayyana a akwatin talabijin ɗaya ne daga cikin na marigayi ɗansa. An ƙiyasta mutum miliyan 50 suka kalli shirin a daren. Shekarunsa 66, ya yi shirin fiye da sau 4,500.

Sanyi a cikin bazara

Ƙasashen Turawa lokatai huɗu gare su a shekara. Bayan hunturu, daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, akwai lokacin da ƙanƙara ta ke narkewa, itatuwa su yi toho, manoma su yi shuka. Shi ne a kan fassara da bazara, ko da ya ke ba shi da zafi irin na bazarar ƙasar Hausa. Bayansa sai watanni uku na zafi, Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da amfanin gona ya ke girma ya nuna. Manomin Ayowa ya san idan tsakiyar Mayu ta wuce, da wuya sanyi mai daskarar da ruwa ya sake komowa.

Hunturun 1991 zuwa 1992 ya zo da sauƙi ƙwarai a Amurka, har mutane suka zaci shekarar za ta yi zafi. Sai al'amari ya juya. Ran Litinin, 25 ga Mayu, kwana uku bayan sallamar Carson, wata iska mai tsananin sanyi ta gangaro daga Kanada ta rufe jihohin tsakiya. A birnin Shikago ma'aunin zafi ya sauka har inda ruwa ke daskarewa, abin da ba a taɓa rubuta irinsa a ƙarshen Mayu haka ba. A gonaki raɓa ta zama ƙanƙara, ganyen masara ya yi baƙi kamar an babbake shi. A daren wannan rana ce kuma Jay Leno, magajin Carson, ya fara nasa shirin.

Wannan karon masara da yawa ta farfaɗo, domin ƙaramar masara, kafin ta kai ganye shida, zuciyarta tana ƙarƙashin ƙasa, ko ganye ya mutu ta kan sake tohowa. Amma wajen 21 ga Yuni sanyin ya sake bugowa a jihohin arewa irin su Wisconsin da Michigan da Minnesota, lokacin kuwa masara ta yi tsawo, zuciyarta ta fito sarari, saboda haka gonaki da yawa, musamman na kwari, suka lalace. Watannin zafi na 1992 suna cikin mafi sanyi da aka rubuta a Amurka tun da aka fara ajiye lissafin ƙasar baki ɗaya a 1895. Wani abin lura shi ne, sanyin bai cuci kowa daidai ba. A jihohin da zafi ya saba ƙona masara an yi girbin da ba a taɓa yin irinsa ba, amma a arewa masara ta ƙi nuna da wuri, aka girbe ta a makare, da danshi.

Ina sanyin ya fito?

Idan babban mutum ya sauka, gari kuma ya canja a mako guda, zuciyar ɗan Adam ta kan so ta ɗaura ɗaya a kan ɗaya. Amma ruwa ba ya tsami banza, dalilin sanyin nan kuwa yana can wata uwa duniya, ya kuma riga sallamar Carson da wata goma sha ɗaya.

A tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, kimanin kilomita 90 daga birnin Manila, akwai wani dutse mai suna Pinatubo. Ya yi wajen shekara 500 bai yi motsi ba, daji ya rufe shi, wata ƙabila mai suna Aeta tana zaune a jikinsa. A farkon Afrilu na 1991 ya fara fitar da tururi. Masana duwatsu na Filifin, a ƙarƙashin Raymundo Punongbayan, tare da takwarorinsu na Amurka, suka kafa na'urori suna auna girgizar ƙasa da hayaƙin da ke fita. Da suka ga alamun sun tsananta, suka sa aka kwashe dubban mutane daga kewayen dutsen, har da sojojin Amurka da iyalansu da ke sansanin jiragen sama na Clark.

Ran 15 ga Yuni, 1991, dutsen ya yi aman wuta, tokarsa ta tashi sama har kilomita 35, watau wajen mil 22. Aka yi rashin sa'a a ranar wata babbar guguwa ta ratsa tsibirin da ruwan sama, tokar ta jiƙe ta yi nauyi, rufin gidaje ya yi ta ruftawa kan mutane. Fiye da mutum 800 suka rasa rayukansu a sanadin wannan masifa. An ƙiyasta gargaɗin masana ya ceci rai aƙalla 5,000.

Ita toka mai nauyi ce, ba ta daɗe ba ta zubo. Abin da ya rage a sama shi ne hayaƙin farar wuta, tan miliyan 15 zuwa 20, wanda ya hau can bisa inda giragizai ba su kaiwa, balle ruwan sama ya wanke shi. A can ya haɗu da laima ya zama ƙananan ɗige-ɗige, iska ta kwashe su suka kewaye duniya cikin mako uku, kāna suka bazu kudu da arewa. Wanda ya san hazon hunturu zai gane abin nan da nan: ranar da hazo ya yi kauri, rana ta kan fito fara fat ba ƙarfi, gari ya wuni da sanyi. Haka hazon Pinatubo ya yi wa duniya, sai dai shi siriri ne, ya kuma yi shekara biyu yana mai da wani kashi na hasken rana baya.

A watan Janairu na 1992, tun kafin manoma su yi shuka, wani masani mai suna James Hansen na hukumar NASA da abokan aikinsa suka buga lissafinsu, suka ce zafin duniya zai ragu da kimanin rabin digiri na ma'aunin Salshiyos a cikin shekarar, sa'an nan ya komo a hankali. Haka kuwa aka yi. Rabin digiri ƙaramin abu ne a ji, amma matsakaicin duniya duka ne, wani wuri ya fi haka nesa. A gaɓar Hudson a arewacin Kanada ƙanƙarar teku ta yi jinkirin narkewa da makonni, fararen beyar da ke farauta a kanta suka yi ƙiba, 'ya'yansu da yawa suka rayu, har masu binciken dabbobi suka riƙa kiransu 'ya'yan Pinatubo. Masana dai sun yi hattara, sun ce sanyin dare guda iskar Kanada ce ta kawo shi, irin wadda ta kan zo ko ba dutse. Abin da dutsen ya yi shi ne ya karkata shekarar duka wajen sanyi.

Wannan sani bai samu a rana ɗaya ba. A 1784 Benjamin Franklin ya rubuta cewa watakila wani busasshen hazo da ya rufe Turai a 1783, shekarar da dutse ya yi aman wuta a Ayislan, shi ya jawo tsananin hunturun da ya biyo baya. A 1815 dutsen Tambora na Indunusiya ya fashe, a 1816 dusar ƙanƙara ta zuba a arewa maso gabashin Amurka cikin watan Yuni, amfanin gona ya mutu, aka yi yunwa a Turai. Mutanen wancan zamani ba su san dalili ba, sai bayan kimanin shekara ɗari masana suka haɗa zaren. Abin da ya ba su iko kuwa shi ne littattafan manoma da limamai da likitoci, waɗanda suka riƙa rubuta ranar da sanyi ya sauka da ranar da aka yi shuka.

Bayan haka

Sanyin Pinatubo bai dawwama ba. Hazon ya zube sannu a hankali, kafin 1995 zafin duniya ya komo inda ya ke, ya ma ci gaba da hauhawa. Kujerar Carson kuwa ta jawo jayayya. Mutane da yawa sun ɗauka David Letterman ne zai gaje shi, domin tun 1982 ya ke da shiri a bayan nasa, amma kamfani ya zaɓi Jay Leno. Letterman ya koma kamfanin CBS a 1993 ya buɗe nasa shirin a daidai wannan sa'a. Daga nan masu kallo suka rabu, gidajen talabijin suka yawaita, daga baya intanet ta zo, ba a sake samun mutum ɗaya da ƙasar duka ta ke taruwa a gabansa da dare ba. Leno ya sauka a 2014, Letterman a 2015.

Shi kuwa Carson ya cika alkawarin da ya yi wa kansa. A watan Disamba na 1992 Shugaba Bush ya rataya masa lambar girma mafi daraja da a ke ba farar hula a Amurka. An yi ta roƙonsa ya komo, ya ƙi. Sau ɗaya, a 1994, ya leƙa shirin Letterman, jama'a suka miƙe suna ta tafi, ya zauna bayan tebur na ɗan lokaci, ya tashi ya fita bai ce uffan ba. Sai dab da rasuwarsa aka san cewa ya kan rubuta barkwanci a gida ya aika wa Letterman a ɓoye. Ya rasu ran 23 ga Janairu, 2005, yana da shekara 79, da ciwon huhu wanda yawan shan taba ya jawo masa.

Mai karatu zai iya tsintar abu biyu a cikin wannan tarihi. Duk wanda Allah ya ba kujera, ko ta sarauta ko ta sana'a, ya tuna aro ce, gara ya miƙa ta a lokacin da a ke kewarsa. Wanda kuma ya iya rubutu, ya sami ɗan littafi ya riƙa sa ranar ruwan fari, da ranar shuka, da ranar da hazo ya sauka a garinsu. Da irin wannan rubutu na talakawa aka gano cewa dutsen da ya fashe a wani tsibiri mai nisa yana iya kashe masarar manomin da bai taɓa jin sunansa ba.